Ruwan Wankan Inna Tambaya

La'asar sakaliya Mas'udu ya ɗaure jakar kayan aiki a bayan babur, ya bar Gusau ya nufi Rawayya. Gyara kawai zai yi ya juyo. Haka ya faɗa wa 'yan rumfarsu ta gyaran kayan lantarki, har da bugun ƙirji, wai kafin shayinsu ya huce ya dawo.

Mas'udu irin mutanen nan ne da makaranta ta gaji da su kafin su gaji da ita. An sallame shi ranar da ya ɓoye sifika a silin, ta dinga kukan akuya ana tsakiyar jarrabawa. Amma hannu kam Allah ya ba shi. A cikin gwangwanin madara ya ƙera wani ɗan akwati: ka sa masa memori, ya karanta lambobin da ke ciki, ya juya su su zama sauti, ya miƙa wa sifika. In ji shi, daga Tsafe har Bungudu babu mai iya na biyunsa.

Inna Tambaya ya yi wa, yayar mahaifiyarsa, wadda ta goye shi. Mijinta Malam Arzika ya rasu bara, kuma abin da ya rage na muryarsa hira ce guda da wani ya ɗauka a waya ranar wani suna. A tsakiyar hirar Malam ya juyo ya kira ta yana dariya. Wannan kiran kaɗai take son ji. To, tun da aka jona akwatin da batirin solar gidan, wani ƙugi ya taso, buuu, ya danne muryar kamar mai magana a cikin tulu.

Ya same ta a tsakar gida tana iza wuta, tukunyar ruwan wankanta na bisa murhu.

"Injiniyan ƙarya, sai yanzu?" ta ce.

"Inna, yau za ki ji Baba kamar yana zaune bisa tabarmar nan. In ba haka ba a canza mini suna."

Ya cusa ƙarfen liƙi cikin garwashi, ya buɗe gwangwanin. Warin dalma ya gauraye da hayaƙin kara. Ya cire kafasita, ɗan abin nan mai tace wuta, ya sa babba. Ƙugi na nan. Ya raba wayar lambobi da wayar sauti, ya gajarce su. Ƙugi na nan. Ya zare wayar caja, shiru. Ya mayar, buuu.

"Na kama ɓarawon. Caja ke zubo datti. Sai na buɗe masa hanya ya bi ƙasa."

Ya ɗauko guntun rodi ya zaga bayan ɗaki. Ƙasar wajen ta bushe ƙamas, rodin sai tsalle yake. Masu aikin wuta gishiri da gawayi suke zubawa, su jiƙa da ruwa. Ya dawo ya ɗebi gishirin Inna, ya sa tsumma ya sauke tukunyar tana tafasa.

"Kai, aje ruwan nan! Magariba ta kawo kai. Ba a zuba ruwan zafi ƙasa wanga lokaci, akwai masu wuri. Bari sai safe."

"Safe ina Gusau, Inna."

"To ka yi bisimilla, ka nemi gafara, ka jira su janye ɗiyansu."

Mas'udu ya koma bayan ɗaki, ya tsaya inda zai kafa rodin, ya gyara murya kamar mai shela.

"Mutanen ƙasa, a ba injiniya wuri!"

Ya juye tukunyar gaba ɗaya yana dariya.

Ƙasa ta ce cuuu. Rodin ya shige da bugu ɗaya, kamar an ja shi daga ciki. Ya ɗaura waya, ya jawo ta har cikin akwatin, ya liƙe. Daidai nan ladan ya ɗaga murya daga nesa.

Ya kunna.

Babu ƙugi. Ko ɗis. Muryar Malam Arzika ta fito tas, har da ɗan tarin nan nasa, har da ƙarar cokali a kwano. Inna ta dafe baki da hannu biyu, ta zauna a ƙasa.

"Saura kaɗan," ta ce a hankali. "Yanzu zai kira ni."

Sai muryar ta tsaya.

Fitilar akwatin na ci. Kajin da ke shiga akurki suka yi tsit. Wani wari ya taso, na jiƙaƙƙiyar ƙasa da ƙonannen gashi.

Daga cikin sifikar, can ƙasa-ƙasa, jariri na kuka.

Mas'udu ya san hirar nan tun daga farko har ƙarshe. Babu jariri a wannan wurin.

Ya zare memorin. Kukan bai tsaya ba.

Ya cire kan batir. Fitila ta mutu. Kukan ya ƙaru.

Waya ɗaya ta rage a jikin akwatin, wadda ta tafi ƙasa.

Sai muryar mace, a shaƙe, tana raɗa.

"Wa yaz zuba?"

Muryar ta ci gaba.

"Cikin kunnen ɗana ya shiga. Ina kiran shi, ba ya waiwayowa. Wa yaz zuba?"

Ƙasar da ke ƙarƙashin Mas'udu ta ɗau zafi. Ruwa ya fara tsattsafowa tsakanin yatsun ƙafarsa, yana turiri. Wani abu ya zagaye idon sawunsa. Yatsu ne. Sirara, masu tsawo.

Suka matsa.

Ya nitse har ƙwauri.

Tun yana yaro, in an yi ɓarna, bakinsa kan riga hankalinsa nemo wanda zai ɗauka. Yau ma bai jira shi ba.

"Ruwan Inna ne!"

Inna ta ɗago ta dube shi. Kallo ɗaya. Sannan ta juya ga sifikar.

"Nawa ne," ta ce. "Sakar mini yaro."

Yatsun suka saki.

Ya faɗi, ya rarumo filaya, ya datse wayar. Ta ƙone masa tafin hannu har nama. A bayan ɗaki wani abu ya yi ƙara, kamar an haɗiye ƙarfe.

Shiru.

"Inna? Inna, tashi mu fita."

Tana kallon bakinsa yana motsi.

"Ɗaga murya mana," ta ce. "Mi kake raɗa?"

Ihu yake yi.

An kai ta asibiti a Gusau, likita ya leƙa ya ce kunnuwan lafiya lau suke. An yi rubutu, an yi tofi, an yi hayaƙi. Rodin kuwa an tona har ƙugu ba a gan shi ba.

Akwatin bai sake ƙugi ba, da caja ko babu. 'Yan rumfa sun yi ta roƙon Mas'udu ya nuna musu dabarar, sai ya ce ya manta. Ya daina shiga fira. Wanda ya saba ɗaure wa mutane igiyar takalmi a masallaci, yanzu sai a gama zama ba a ji bakinsa ba.

Duk Juma'a yana Rawayya. Yakan kunna mata hirar, ya zauna gabanta, in an zo wurin da Malam ya kira ta sai ya taɓa mata gwiwa. Ita kuma ta amsa da ƙarfi, "Na'am, Malam," ta yi murmushi, ta tura masa kwanon fura.

Mutanen gari sun ɗauka ciwon tsufa ne. Ba ta taɓa faɗa wa kowa abin da ya faru ba, shi ma ba ta taɓa tayar masa da zancen ba. Da ta zage shi ko sau ɗaya, da ya samu barci. Ya dai san muryar da kunnenta ya ji ta ƙarshe cikin muryoyin mutane, ya kuma san abin da muryar tasa ta ce.