Yaron da Ya Koyi Faɗuwa

A can wani zamani, an yi wani yaro da ke raka ƙanwarsa rafi ɗiban ruwa. Kullum sai wani ƙato ya tare su, ya ture yaron, ya fasa musu tulu.

Yaro ya tafi filin dambe. Ya ga ana naɗe hannu da igiya, kalangu na tashi, abin ya burge shi. Sai ya tuna ƙaton ba zai jira shi ya naɗe hannu ba.

Ya kai kukansa wurin wani tsohon ɗan kokawa. Tsoho ya ce, "Faɗi." Ya faɗi. "Tashi." Ya tashi. Har damina ta wuce ana faɗi ana tashi, abokansa na yi masa dariya.

Yaro ya ce, "Baba, yaushe zan koyi kayarwa?"

Tsoho ya ce, "Kayarwa ka zo nema, ko kai ƙanwarka gida?"

Yaro ya koma faɗi da tashi.

Ran nan ƙato ya sake ture shi. Yaro ya mirgina, ya miƙe, ya tsaya gaban ƙanwarsa. Ƙato ya sake ture shi, yaro ya sake miƙewa. Da ƙato ya gaji, sai ya kauce.

Yarinya ta shiga gida da tulunta a ka, ko ɗigo bai zube ba.