Jinin Mai Walda

Mai walda ya mutu ranar Talata da hantsi, jini na fita ta hancinsa da dasashinsa, kuma kafin rana ta take an kulle matarsa a bayan kanta a ofishin 'yan sanda.

Wanda ya kawo ƙarar yayan mamacin ne, wani dogo mai farar riga da biro uku a aljihu. Shekara ashirin ya yi yana tura gadon marasa lafiya a asibiti kafin ya yi ritaya. Shi ya sa duk layinsu Dakta ake ce masa, shi kuma bai taɓa hana kowa ba. Ya dire kwalin maganin ɓera a teburin Sufeto, ya ce a kicin ɗinta ya samo shi, kuma shi ba za a gaya masa aikin maganin ɓera ba, jini yake tsinkawa.

Sufeto ba mai son surutu ba ne. Ya sa Sajan ya rubuta, ya ɗauki hularsa ya tafi ɗakin ajiye gawa.

Jikin mamacin duk ɗigo-ɗigon ja, kamar an yarfa masa fenti. Yatsun ƙafarsa sun yi baƙi. A bayan hannun hagu akwai hudar allura da sauran danƙon filasta. Ma'aikacin wurin ya duba takarda ya ce su 'yan asibiti a hannun dama suka sa allurarsu, wannan da ita aka kawo shi.

Sai ranar Alhamis sakamakon jini ya fito. Gobe Juma'a za a kai matar kotu da tuhumar kisan kai.

Mai gwajin jinin wata gajeruwar mata ce mai tabarau. Ta fara jero masa manyan kalmomi, Sufeto ya ɗaga hannu.

"Baiwar Allah, yi mini yadda ɗan sanda zai gane."

"To, Yallaɓai. A cikin jini akwai wasu mitsi-mitsin ƙwayoyi, sana'arsu ɗaya da ta mamacin. Inda ya ɓule su je su liƙe. A awon da muke yi, mai lafiya yana da sama da dubu ɗari da hamsin. Shi dubu tara na samu. Maganin ɓera ba ya rage yawansu."

Ta ce wannan aikin dafin ƙwayar cuta ne. Idan dafin ya shiga jini da yawa lokaci guda, sojojin jiki sai su ruɗe, su tayar da kowa. Masu waldar nan su hau liƙe-liƙe a cikin jijiyoyi inda babu ɓuli, su toshe ƙananan hanyoyi, shi ya sa yatsun suka yi baƙi. Kafin a ankara sun ƙare kaf. Daga nan duk inda jini ya samu ƙofa, ba mai tare shi.

Abu ɗaya ne ya ɗaure mata kai. Ta ajiye jinin kwana biyu ta ga wace ƙwaya za ta tsiro, ba abin da ya tsiro. Ga dafi, babu mai dafin.

"Me ke kashe ƙwaya ya bar dafinta?" in ji Sufeto.

"Tafasawa. Wasu a ɓawon jikinsu dafin yake. Ka tafasa su, su mutu, dafin yana nan daram."

Sufeto ya koma ofis ya sa aka fito da matar. Ran farko ta ce ba wanda ya shigo gidansu. Yau bai yi mata tsawa ba. Ya dai gaya mata gobe warhaka tana gaban alƙali, sannan ya tambaye ta wa ya huda hannun mijinta.

Ta daɗe tana murza bakin mayafinta. Sannan ta ce maigidan ya kwana biyu yana amai da gudawa. Litinin da safe Yaya ya zo ya ce jikinsa ba ruwa, ya aike ta sayo lemo can babbar kasuwa. Da ta dawo ta tarar da tukunya da ɗumi a kan risho, gwangwanin gishiri a buɗe, maigidan kuma yana kakkarwa har gado na girgiza.

"Me ya hana ki faɗa?"

"Maigidan ne ya ce kar in ce Yaya ya zo. Yaya ne ya riƙe shi tun yana ɗan shekara bakwai. Maganarsa ta ƙarshe ke nan da ni, Yallaɓai."

Da yamma Sufeto ya je gidan. Ɗaki ɗaya ne da falo. Agogon bango yana kwance a kan tebur, ƙusar da aka cire shi daga jikinta kuwa tana daidai saman gado, da guntun igiya a ɗaure. A bayan gida ga tankin ruwa ba murfi, gindinsa ya yi kore. Ya zazzage kwandon shara, babu ledar ƙarin ruwa, babu allura. Wanda ya yi aikin ya kwashe kayansa.

Ƙusa da igiya ba sa ɗaure mutum a kotu. Sufeto ya san haka.

Juma'a da safe Dakta ya zo da kansa, wai ya raka ƙara kotu. Sufeto ya ba shi kujera. Ya tambaye shi yaushe rabonsa da ƙaninsa, ya ce tun Lahadi. Hudar hannun hagu fa? Ya ce aikin 'yan asibitin yanzu ne, ba su iya neman jijiya ba.

Sufeto ya gyaɗa kai, ya juya wajen Sajan kamar hira ce kawai.

"Ka ji abin da gwaji ya nuna? Wani jahili ne ya ɗebo ruwan tanki ɗanye ya ɗura wa bawan Allah a jijiya. Ɗanye, Sajan. Ko mai sharar asibiti ya fi wannan hankali."

"Ai ko akuya ba a yi wa haka, Yallaɓai."

Wuyan Dakta ya kumbura. "Ɗanye kuma? Sau biyu aka tafasa shi, aka tace da farin ƙyalle."

Sajan ya ajiye bironsa.

"Wa ya tafasa?" in ji Sufeto.

Da maganar ta fito daga bakin Dakta kuwa, ta fito gaba ɗaya. Yana da tsohuwar ledar ƙarin ruwa da allurarta a akwati tun yana aiki. Shekara ashirin yana ganin ana rataya ta, kuma ya karanta jikinta, ruwa ne da gishiri, ba komai ba. Ya ga ƙaninsa ya galabaita, ya ce me zai sa a je a bi layin asibiti alhali shi Dakta yana raye. Ya cire agogo ya rataya ledar a ƙusa. Ko rabi ba ta yi ba sanyi ya kama yaron.

Yaron, haka ya ce, mutum mai shekara arba'in da ɗaya.

"Na tafasa shi, Yallaɓai. Kowa ya san ƙwayar cuta ba ta tsira a tafasasshen ruwa."

"Ba ta tsira ba. Gawarta ce ta kashe shi." Sufeto ya turo kwalin maganin ɓera gabansa. "Wancan kuskure ne. Wannan fa?"

Dakta ya kalli kwalin. Ya ce tsoro ya ji, shi ya sa ya laƙa wa matar.

Sajan ya zare biro ukun daga aljihunsa ɗaya bayan ɗaya, ya sa masa ankwa. A bakin kanta suka yi kiciɓis da matar ana fito da ita. Ta matsa gefe ta ba shi hanya yadda ta saba, amma ba ta ce Yaya ba.

Alƙali ya ba shi shekara shida. Ita kwana uku kawai ta yi a kulle, amma a cikin kwana ukun nan aka binne mijinta ba ta ga fuskarsa ba.