Hoton da Ke Jiƙa Bango

Ku matso ku ji, don wallahi in ban faɗa ba cikina zai fashe!

Jiya Lahadi da yamma na ja yayata zuwa bakin kogi. Malamin kulob ɗinmu na ɗaukar hoto ne ya ce kowa ya kawo hoton kogi yau Litinin, wanda ya fi kyau shi za a liƙa a allon makaranta. Wani ɗan ajinmu da muke ce wa Dogo har da cewa, "Mata ai sai dai su murguɗa baki su ɗauki kansu." Na ce to, za ka gani.

Yaya tana da shagon hoto, da ƙyar na lallaɓa ta ta ɗauko kyamararta da sandar nan mai ƙafa uku. Tun a hanya take mita.

"Auta, in kika jiƙa min kayan sana'a, ke zan sayar in sayi wata."

"Wa zai saye ni, Yaya? Cin abincina kawai ya isa a dawo miki da ni."

Muna isa rana ta riga ta faɗi, sai jan da ta bari a kan ruwa. Kai, kyau! Ga kwaɗi suna ta kuka, ga ƙamshin danyar ciyawa. Yaya ta kafa kyamara a kan yashi, ta duba, ta ja tsaki. Batir ya kusa mutuwa, hoto ɗaya kawai zai iya. Ta ce tunda haske ya yi ƙasa, in na danna sai idon kyamara ya daɗe a buɗe yana shan haske. In kyamarar ta motsa ko kaɗan kafin ta yi ƙyas, hoto ya lalace.

Na sunkuya ina saitawa. Kun san ɗan akwatin nan da kyamara ke zanawa in ta ga fuskar mutum? Shi ne ya fito. A tsakiyar ruwa.

Na ɗaga kai. Ba kowa. Ko kwalekwale babu.

Na sake duba gilashi. Akwatin yana nan, kuma ya ƙara girma.

"Yaya, zo ki ga."

Ta leƙa. 

Kwaɗi suka yi tsit, duka lokaci guda. Ƙamshin ciyawa ya ɓace, sai wani wari kamar na tsohuwar rijiya da aka buɗe.

"Auta," ta ce a hankali, "naɗe mu tafi."

"Ban ɗauka ba."

"Yana matsowa!"

Akwatin ya kai girman tafin hannuna. Na tuna gobe zan shiga aji hannu rabbana. Na danna.

Gilashi ya yi baƙi. Haka take yi in tana ɗauka. Yanzu ba na ma ganin inda yake.

Sai kunne.

Caɓ. Ƙafa a cikin laka.

Caɓ.

Yaya ta ja da baya tana salati. "Bar ta! Na yafe kyamarar, zo!"

"Sai ta yi ƙyas."

Ruwa ya fara ɗiga a kan yashi, nan kusa da takalmina. Daga sama yake ɗigowa, daga inda ba komai.

Na nemi addu'a a kaina, ta cin abinci kawai ta zo. Na karanta abata.

Wani sanyi ya hura min a kunne, sai wata murya.

"Ba a ɗaukar gidana."

Ban motsa ba. Amma bakina, kun san bakina.

"Ba kai na zo ɗauka ba," na ce. "Kuma kar ka taɓa min sanda."

Wani abu ya kama gefen hijabina. Jiƙaƙƙe, mai nauyi. Ya fara ja, a hankali, zuwa ruwa.

Na kafe ƙafa a yashi. In na fizge zan buge sandar.

Ya ja. Na kafe.

Ruwa ya taɓa yatsuna.

Ƙyas!

Na sunkuyar da kai na zare daga cikin hijabin, na rungumi kyamara har da sandarta, na zura. Yaya da ta riga ni gudu, ni na wuce ta a hanya. Bayanmu muka ji fanjam, kamar an jefa buhu a ruwa. Ba wadda ta waiwaya.

A shago Yaya ta wanke hoton, ta rantse ba ta ƙara raka ni ko bakin famfo. Babu kowa a cikin hoton. Ruwa sumul kamar madubi, sama ja wur.

Yau da safe Malam ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wannan shi ne hoto." Ya liƙa da hannunsa. Nawa! A tsakiyar allo!

Sai dai kafin a fita hutun ƙarfe tara, bangon da ke ƙarƙashinsa ya jiƙe. Ruwa na bin fenti yana taruwa a ƙasa, ga warin rijiyar nan. Takardar hoton kuwa a bushe take ƙarau. Baba mai shara ta goge, ya dawo, ta sake gogewa, ya dawo. Ta kama ƙugu ta ce, "'Yar nan, cire abin nan ki mayar wa mai shi."

Na karɓi tsumman daga hannunta, na jawo bokiti na ajiye a ƙarƙashin allo.

"Baba, je ki huta, ni zan riƙa gogewa. Ai na bar masa hijabi. Hoto nawa ne."