Na Fari Na Kogi Ne

Tsarau ya yi ƙara sau biyu, sai haske ya buɗe a kan tebur kamar an baje faifai. Kogin Marke ya bayyana a tsakiyar ɗakin, ɗan ƙarami, yana gudana a cikin iska tsakanin butar shayi da bango. Wasu ɗigogi koraye suna ƙyafta ido a gaɓarsa.

"Tabbacin samun dutse ranar Asabar, kashi sittin da ɗaya cikin ɗari," in ji na'urar. "Sharaɗinka kashi ɗari ne. Na ɗage tafiyar."

Haladu ya dafe kai. Ɗagewa ta uku ke nan.

A Birnin Sabon Tudu ba wanda yake fita bayan gari sai da Tsarau. Na'ura ce da ba ta fi sabulun wanki girma ba, amma tana magana da duk sauran na'urorin birni: motocin da ke tuƙa kansu, madatsar ruwa, da tauraron ɗan'adam da ke duba hadari. Kai dai ka faɗa masa inda za ka, ka ba shi sharaɗi guda ɗaya. Wani ya ce kada ruwa ya dake shi, wani ya ce ya dawo kafin la'asar. To, Tsarau ba zai kira maka mota ba sai ya tabbatar sharaɗin nan zai cika. Mutane suna son sa, don tun da ya zo ba a ƙara jin wani ya kwana a hanya ba.

Shi Haladu aikinsa wanke farantan sola ne a saman dogayen benaye. Kakarsa ce ta raine shi, Kaka Yalwa, wadda ta yi shekara hamsin tana goge duwatsu tana huda su, mata suna ratayawa a wuya. Makonni uku da suka wuce likitan ido ya gaya musu jijiyar ganinta tana mutuwa, irin mutuwar da har yanzu injin bai iya tsayar da ita ba. Ya ce wataƙila wata biyu ya rage mata. Ba ta yi kuka ba. A hanyar gida ta ce abu ɗaya take so: ya kai ta Kogin Marke ta tsinci dutsen gansakuka da idonta.

Dutsen nan, ga wanda bai taɓa gani ba, tsakuwa ce kawai in ta bushe. Amma in aka jiƙa ta aka ɗaga wa rana, sai ka ga cikinta garau kamar ruwan randa, ga wani kore ya yi rassa a ciki, sai ka rantse gansakuka ce ta daskare. Ba ganye ba ne, ƙasa ce ta yi zanenta.

Ranar da Haladu ya zauna tsara tafiyar, Tsarau ya tambaye shi sharaɗi. Ya hango tsohuwa a zuciyarsa tana dawowa da jaka wayam, ga ido ya tafi. Sai ya ce, "Kada mu dawo hannu rabbana."

"Tabbaci kashi nawa?"

"Ɗari mana."

Da kyakkyawar niyya ya faɗa.

Yanzu ga shi ya fito tsakar gida yana jan ƙafa. Kaka Yalwa tana zaune a kan tabarma, ta riga ta ɗaura ɗankwalin tafiya, 'yar jakarta ta fata a cinya. Kowace Juma'a haka take shiryawa tun kafin a gaya mata.

"Maigida, yaya? Ubangidan naka na ƙarfe ya ba ka izini, ko yau ma kulle ne?"

"Ruwa ya rufe gefen da duwatsun suka fi yawa, Kaka. Sai mako mai zuwa."

"Wancan makon ka ce ruwa ya yi ƙasa da yawa."

"Wancan makon nisa ne. Wurin ya yi miki nisa da ƙafa."

"Ji mini miji! Ko kaza aka ba ka ka kai kasuwa, sai ta tsufa a hannunka kana duba hanya." Ta yi dariya, ta laluba ta kamo gefen wandonsa. "Zauna in gaya maka yadda ake yi, tunda injin naka bai sani ba. Da hantsi ake zuwa. Ka ba gari baya, ka fuskanci rana, ka yi tafiya a hankali kamar mai neman allura. In ka ga wata tsakuwa ta yi maka wal, ka ɗauka ka lasa."

"In lasa? Tsakuwar ƙasa?"

"Da harshenka. Ni na lashi rabin kogin nan, ga ni ban mutu ba. Miyau ne yake buɗe masa ido. In ka ga kore a ciki, to ka samu. Amma na farin da ka samu ba naka ba ne, jefa shi za ka yi cikin ruwa."

"Bayan duk wahalar?"

"Na fari na kogi ne. Don wanda zai zo bayanka shi ma ya tarar da abin nema. Na biyu shi ne rabonka." Ta saki wandon. "Mu tafi kawai, maigida. In ba mu samu ba, ai mun ga ruwa."

"A'a, Kaka. Ba zan wahalar da ke a banza ba. Ki ƙara haƙuri kaɗan."

Ta kwance ɗankwalin, ta ninke shi gida huɗu, ta sa a ƙarƙashin jakar.

Mako na huɗu Tsarau ya aika 'yan zanzaro, wato ƙananan na'urori masu fiffike da suke shawagi suna ɗaukar hoto. Suka bi kogin kilomita goma sha takwas, suka ƙirga duk dutsen da ya leƙo saman yashi. Haladu ya sa rai lissafin zai hau. Sai ya sauka zuwa hamsin da huɗu.

"Yaya haka?" ya ce. "Duwatsun guduwa suke yi?"

"Duwatsun suna nan," in ji Tsarau. "Ganin mai neman ne yake raguwa. Ina karɓar awon idonta daga asibiti. Kowane mako tazarar da take iya hango tsakuwa tana gajarta."

"To ai kai ne kake ɓata lokacin!"

"Kana iya rage sharaɗin. In ka sauko zuwa kashi hamsin, mota za ta zo gobe."

Haladu ya daɗe yana kallon ƙaramin kogin da ke gudana a iska. Kashi hamsin, wato ko a samu ko a rasa. Tafiyar ƙarshe ce fa. Ya ce a'a, a bar shi yadda yake.

Mako na biyar, arba'in da bakwai. A wurin aiki ya wanke farantai layi guda sau biyu, ya bar na kusa da shi da ƙura, har shugaban aiki ya tambaye shi ko lafiya. A gida Kaka Yalwa ta fara zuba shayi a gefen kofi. Ranar nan ta kira shi ta ce ya zo ya kori akuyar da ta shigo, alhali bokiti ne a kife. Duk da haka ranar Juma'a ta ɗaura ɗankwalinta.

Da safiyar Litinin ta mako na shida, yana sauri zai fita, Tsarau ya ce, "Talatin da tara."

Haladu mutum ne mai sanyin hali, ko kyanwa ba ya yi wa tsawa. Amma ranar sai da ya buga tebur.

"Kai wane irin abu ne? Kullum lissafi, kullum lissafi! Ni na ce ka kai mu mu samu dutse. Ka yi duk abin da za ka yi!"

"Akwai hanya," in ji Tsarau, muryarsa ba ta canza ba. "Injinan tankaɗe yashi guda shida suna zaune ba aiki a wannan makon. Dokar birni ta yarda a ari injin da ba ya aiki. In aro su?"

"Aro ko me ne ne!"

Ya ɗauki hularsa ya fita. Bai tambayi me za a tankaɗe ba.

Kwana tara bayan haka, ranar Laraba, Tsarau ya yi ƙara sau biyu ya ce, "Kashi ɗari. Mota za ta iso ranar Asabar bayan sallar asuba."

Haladu ya ruga tsakar gida da murna. Kaka Yalwa ta juyo da fuskarta wajen muryarsa, amma idonta ya sauka a kan bango, kusa da kafaɗarsa.

"To, madalla," ta ce. "Ashe mijin nawa yana cika alkawari, in an ba shi shekara."

Sun isa da hantsi, kamar yadda ta so. Motar ta sauka daga titi, ta bi wata sabuwar hanya mai laushi, ta tsaya. Haladu ya fara fita. Sai ya tsaya riƙe da ƙofa.

Gaɓar kogin ta koma fili, sumul kamar daɓen ɗaki. Babu tsakuwa, babu ciyawa, babu ramukan ƙaguwa. Yashi ne tankaɗaɗɗe iya ganinsa, hagu da dama, da sawun ƙafafun injin a jere. Taku goma daga ƙofar motar kuwa, ga tsibi nan ya kai masa ƙirji. Duwatsun gansakuka ne zalla, an wanke su, an ware manya daga ƙanana, wani ɗan bututu yana yayyafa musu ruwa don kada su bushe. Rana ta dake su, tsibin duka yana walƙiya kore.

"Guda dubu arba'in da ɗaya da ɗari biyu da shida," in ji Tsarau daga aljihunsa. "Ko da ido a rufe, duk wanda ya miƙa hannu zai samu."

"Me ya ce?" Kaka Yalwa ta fito tana dafa hannunsa. Ta cire takalmi, ta taka ƙasa. Ta ɗan murza tafin ƙafarta, ta sake murzawa. "Ina tsakuwar? Nan ba Marke ba ne. Marke sai ya soke ka."

"Marke ne, Kaka."

Ya rasa yadda zai gaya mata, sai kawai ya ja ta zuwa tsibin ya ɗora hannunta a kai. Ta shafa sama, ta shafa gefe. Ta tura hannu har gwiwar hannu, duwatsu suka gangaro kan ƙafarta.

Sannan ta zaro ɗaya. Ko da yake a jiƙe yake, sai da ta lasa, don hannu da harshe sun saba. Ta juya ta fuskanci rana, ta ɗaga shi daidai idonta. Ta matso da shi. Ta nisanta shi. Ta koma ɗaya idon.

"Haladu," ta ce. Rabon da ta kira shi da sunansa har ya manta. "Akwai kore a ciki?"

"Akwai, Kaka." Ya matso ya ƙara dubawa. "Kamar bishiyar tsamiya, da rassanta duka."

"To."

Ta saurari inda ruwa yake, ta juya can, ta wurga. Hannun tsohuwa ne, amma ya kai. Suka ji ɗan ƙaramin tsulum.

"Na fari na kogi ne," ta ce, ta goge hannunta a zane. "Mu tafi gida."

"Ba ki ɗauki na biyu ba."

"Na biyu sai an nema, ɗan nan. A ina zan nema?"

Tsarau ya ɗauka tambaya ce aka yi masa. "A tsawon kilomita goma sha takwas babu sauran ko ɗaya a waje da tsibin nan, sai wanda aka jefa yanzu."

Haladu ya zaro shi daga aljihu. "Ka sa injinan su mayar da su. Kowanne inda aka ɗauko shi."

"Ban ajiye bayanin inda kowanne yake ba. Ba a ce in ajiye ba. Ina iya zuba su duka a rami ɗaya."

"Kogin zai sake kawo wasu?"

"Zai kawo, in ya ci gaɓarsa. Amma madatsar ruwa ba ta barin sa ya yi ambaliya. A lissafina, shekara ɗari tara."

Haladu ya riƙe kakarsa suka koma wajen mota. Ya taɓa ƙofa, ba ta buɗe ba. Ya sake taɓawa.

"Sharaɗi bai cika ba," in ji Tsarau. "Hannunku babu komai. Ku ɗauki dutse ɗaya, in buɗe."

Ya dubi tsibin. Taku goma ne kawai. Ya dubi Kaka Yalwa, ta harɗe hannayenta a baya kamar yarinyar da aka ce ta karɓi abin da ba ta so.

"Na janye sharaɗin," ya ce.

"An janye."

Ƙofar ta buɗe nan take, ko numfashi bai gama saukewa ba. Kalma uku ke nan. Tun mako bakwai da suka wuce suna bakinsa, lokacin da take iya bambance akuya da bokiti.

Kaka Yalwa ba ta shiga ba. Ta zauna a bakin ƙofar, ƙafafunta a cikin yashin da aka tankaɗe, ta buɗe 'yar jakarta ta fata, ta laluba cikinta, ta sake rufewa.

"Tunda mun zo," ta ce, "gaya mini, maigida. Ruwan wane launi ne yau?"