Ruwan Taliya da Magariba

Ranar da abin ya fara, Hadijatu ta dawo daga ofis a gajiye, cunkoson hanyar Karu ya cinye mata la'asar. Ta dafa taliya, ta tarar magudanar kicin ta toshe, sai ta watsa tafasasshen ruwan ta taga. Ana cikin kiran magariba, ko bisimilla ba ta yi ba.

A gindin tagar aka yi wata siririyar ƙara, sannan shiru.

Mijinta Taufik ya leƙo da buta a hannu. "Wa ya zubar da ruwan zafi yanzu?"

"Nafisa ce," in ji ta, don kawai kada a yi mata faɗa. 'Yar tata mai shekara goma ta dube ta.

Washegari da magariba duwatsu suka fara sauka a kan kwano. Nafisa ta daina cin abinci, bayanta ya yi bororo kamar ƙuna. A asibiti aka ce ba a ga komai ba. Hadijatu ta yi jinya, ta yi kuka, ta yi komai ban da faɗin gaskiya.

A kwana na tara aka ɗauko Malam Fatihu daga Yangoji. Ya daɗe yana karatu kafin bakin yarinyar ya buɗe da muryar wata babbar mace.

"Ɗana aka ƙona. Yana wasa a gindin taga."

Malam ya ce, "Ki ji tsoron Allah, baiwar Allah. Me za ki karɓa ki fita?"

"Ba na son rago. Uwarta ta maimaita sunan da ta faɗa, in tafi da mai shi."

Taufik ya juyo ya dubi matarsa. Kunya ta rufe Hadijatu, har ta gwammace ƙasa ta tsage ta shige.

"Ni ce," ta ce. "Wallahi ni na zuba."

"Na sani. Kwana tara nake jiranki. Ruwa kuskure ne, na yafe. Amma ni ɗana na biyo, ke kuwa 'yarki kika miƙo."

Nafisa ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki. Da ta buɗe ido, Hadijatu ta matso da kofin ruwa.

Yarinyar ta dubi kofin, ta kau da kai.

"Baba, ba ni ruwa."