Innar da Ke Cikin Kwamfuta

Ku matso, jikokina. A wani gari can, an ba wata yarinya lambar sirri ta jarrabawarta a kwamfutar makaranta. Malama ta ce wanda aka sace wa tasa, sai maimaita aji.

Ran nan saƙo ya shigo: "Zulai, innarki ce, turo mini lambar." Ba ta tura ba. Ya sake shigowa: "Zulai, innarki za ki ƙi?" Har ta kai hannu, sai ta fasa, ta kira Malama.

"Malama, wannan ba innata ba ce."

"Ya aka yi kika sani?"

"Ni 'yar fari ce. Inna ba ta taɓa kama sunana ba, kunya take ji. Wannan kuwa har sau biyu, ko nauyin baki babu."

Malama ta toshe mai saƙon, tana dariya.