Abin da Ta Rubuta Kan Direbobi

A ɗakin canja kaya na asibiti ta zube kan benci, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, tana kallon hoton da yayar saurayinta ta turo mata.

"Ni da auren direba? Allah ya sawwaƙe. Warin fetur kaɗai ya isa ya kashe ni."

Sunanta ne a saman rubutun. A ƙasa yayar ta ƙara nata: "Na nuna wa Mama. Ƙanena direba ne, sai ki nemi daidai ke."

Saura sati uku biki.

Tun safe take tsaye kan marasa lafiya, bayanta kamar zai ɓalle. Haka ta buɗe shafinta ta shiga ja da baya, tana addu'ar a ce sharri aka haɗa mata. Ta wuce hoton ranar da ta kama aikin jinya, ta wuce ta'aziyyar Babanta, har yatsanta ya gaji.

Shekara takwas baya ta same shi. Yana nan, da dariyar ƙawaye a ƙarƙashinsa.

A bakin ƙofar asibiti ta tarar da motar saurayin nata kamar kullum. Ta shiga, ta kasa ɗago kai.

"Ka gani?"

"Mutum uku suka turo min."

"Ni na rubuta... na duba. Zan goge."

"Goge me, Likitata? Ya gama zaga dangi."

Bai tayar da motar ba. Ya daɗe yana kallon hannayensa a kan sitiyari.

"Ba zan ɓoye miki ba, ya yi min zafi. Sau biyu na wanke hannu da sabulu kafin in zo."

Nan hawayen suka ƙwace mata.

"Shekarata goma sha tara lokacin, ban san komai ba sai baki. Ranar da Baba ya faɗi a titi, motoci nawa suka wuce mu? Kai kaɗai ka tsaya."

"To don na taimaka ne kike..."

"Don ina sonka ne. Kar ka sa in maimaita, na gaji."

Ya ɗan murmusa, karo na farko.

"Mama ta ce daga bakinki take son ji. Mu bari sai gobe, kin sha aiki."

"Yanzu. Kai ni."

A gaban Mama ta durƙusa, ba ta kare kanta ba, ta ce ta yi kuskure. Tsohuwar ta bar ta a durƙushe na tsawon lokaci, sannan ta dubi ƙafafunta da suka kumbura.

"Tashi ki zauna, 'yar nan. Ranar da aka sa tana nan." Ta juya ga yayar da ke laɓe a bakin labule. "Ke kuma mai tone-tone, kawo wa matar ƙanenki ruwa."